Kowa Ya Yi Zagi A Kasuwa: Izgilin Kamfanonin Fasaha A Ma'aunin Shari'a

 

Duk wanda ya ci kasuwar Fagam, a ƙaramar hukumar Gwaram, ya san layin masu waya. Samari ne zaune a ƙarƙashin laima da rumfunan kwano, wannan yana caji, wancan yana gyara, na gaba da shi yana cire wa mutane kuɗi da na'urar POS. Kwanakin baya mun tsaya a wurin ɗaya daga cikinsu muna jiran a canja mana gilashin waya, sai muka ga matasa sun yi cincirindo a kan wata waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe wani ɗan gajeren bidiyo ne da mai gyaran ya ɗauka, yana kwaikwayon maƙwabcinsa na sana'a: yadda yake riƙe sukudireba hannu yana karkarwa, da yadda yake in'ina idan yana yi wa mai kaya bayani, har ya laƙaba wa rumfarsa suna maƙabartar wayoyi. Wanda ake yi wa kuwa yana nan zaune taku kaɗan daga wurin, ya sunkuyar da kai a kan aikinsa kamar bai ji ba.

Da muka tambayi mai bidiyon dalilinsa, sai ya ce: "Malam, ai talla ce. Haka manyan kamfanoni suke yi wa junansu."

Amsar nan ta tsaya mana a rai, domin yaron bai yi ƙarya ba. Haka suke yi. Tambayar da ta rage ita ce: shin daidai suke yi? Kuma idan sun yi, ya halatta mu ɗauko abin mu kawo shi kasuwanninmu da gidajenmu?

Abin da suke yi a kan dandamali

Al'adar ta daɗe. A watan Janairun 1984 kamfanin Apple ya fitar da wata talla a talabijin ɗin Amurka, wadda ta nuna wani azzalumin shugaba yana juya tunanin jama'a ta cikin allo. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma duk mai kallo ya gane da kamfanin IBM ake. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Daga 2006 zuwa 2009 kamfanin ya sake fitar da jerin tallace-tallace, inda wani matashi mai fara'a yake wakiltar kwamfutarsu, wani mutum mai kwat da tabarau, wanda kullum ba ya rabuwa da ciwo da ruɗewa, yake wakiltar kwamfutocin da ke aiki da manhajar Microsoft.

Shi ma Microsoft bai zauna ba. A 2007, da aka tambayi shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, game da sabuwar wayar iPhone, dariya ya fara yi, ya kushe tsadarta da rashin madannai a jikinta. A watan Satumban 2010 ma'aikatan kamfanin suka shirya jana'izar wasa a harabar hedkwatarsu, suka yi jerin gwano da siffofin iPhone da BlackBerry a matsayin gawawwaki, suna murnar kammala tasu manhajar ta waya. Shekara biyar bayan haka, a 2015, kamfanin ya sanar da asarar fiye da dala biliyan 7 a harkar wayoyin da ya saya daga Nokia, daga bisani ya tattara ya bar kasuwar. Wayar iPhone da suka yi wa jana'iza tana nan da ranta, tasu ce aka binne.

A 2016 Apple ya cire ramin da ake soka iyafis daga jikin iPhone 7. A watan Oktoban wannan shekara, wajen ƙaddamar da wayarsa ta Pixel, kamfanin Google ya yi masa shaguɓe a kan haka. Shekara guda cif, Pixel 2 ta fito babu ramin. Samsung ya yi ta tallace-tallacen ba'a a kan wannan batu, sai ga shi a 2019 ya fitar da Galaxy Note 10 ita ma babu, ya koma ya sauke wasu daga cikin tallace-tallacen daga shafukansa. A watan Oktoban 2020 Apple ya daina sanya kan caja a cikin kwalin waya. Wani shafin Samsung na Facebook ya yi masa gugar zana, amma a Janairun 2021 Galaxy S21 ta iso kasuwa ita ma babu caja a kwali.

A nan gida ma mun ga irinsa. A watan Afrilun 2013, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da damar mutum ya sauya kamfanin layi ba tare da ya rasa lambarsa ba, kamfanin MTN ya ɗauko ɗan wasan barkwancin nan da aka fi sani da Saka, wanda jama'a suka saba gani a tallan Etisalat. A farkon tallar ya bayyana cikin koren launi, sannan ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa yana rawar murnar sauya sheƙa. Ƙasar nan kaf ta yi dariya, kuma babu wanda bai san da wa ake ba.

Da za mu so sauƙaƙa wa kanmu hujja, da sai mu ce izgili kullum yana komawa kan mai shi, mu kawo labarin Microsoft da Samsung mu rufe magana. Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Tallace-tallacen Apple sun ci kasuwa, tallar MTN ma ta yi farin jini, kuma kamfanin yana nan kan gaba a yawan masu amfani da layinsa. Wani lokaci ba'a tana kawo riba. Saboda haka Musulmi yana bukatar ma'aunin da ya wuce riba da asara.

Musulunci bai hana gasa ba

Wajibi ne mu fara da wannan, don kada wani ya zaci muna kira ga kasuwar da babu ƙoƙari a cikinta. Lokacin da farashi ya hau a Madina, sahabbai suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade musu, bai yi ba, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas ɗan Malik. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya iso Madina hannu rabbana, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya shiga cikin waɗanda suka riga shi, Allah Ya buɗa masa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu daga Birnin Kudu har Gwaram, ya bayyana cewa hanin yin tayi a kan tayin ɗan'uwa yana farawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna sun kusa ƙulla ciniki. A farkon tayi ƙofa a buɗe take ga kowa.

Mun ma ɗanɗani amfanin gasa da bakinmu. Waɗanda suka riƙe waya tun farkon zuwanta a 2001 suna tuna lokacin da ake cajin kira da minti, ko da sallama kawai mutum ya yi ya kashe. A watan Agustan 2003 kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, ba da jimawa ba sauran suka bi. Abin da ya tilasta musu shi ne wani ya kawo wa mai saye abin da ya fi. Manomin Fagam da ke kiran ɗansa a Kano ya ga sauƙin a aljihunsa. Irin wannan gasa alheri ce, kuma ba ta bukatar a ci mutuncin kowa.

Inda iyakar take

Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta maimaita hanin ga mata a kan 'yan'uwansu mata, ta kuma faɗi dalili: mai yiwuwa wanda ake rainawa ya fi mai rainin a wurin Allah. Ayar ta haɗa da hana aibata juna da jifan juna da miyagun laƙubba. Akwai kuma sura guda, Suratul Humaza, wadda ta buɗe da narko a kan mai yawan suka da zunɗe, nan take kuma ta siffanta shi da tara dukiya da ƙididdige ta. Wannan haɗi abin lura ne ga duk ɗan kasuwa. Sau da yawa cikar aljihu ce take sakin harshe.

A Sunna, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gaban Annabi (SAW), sai ya nuna mata cewa shi ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi abin duniya mai yawa. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun yi dariyar sirantakar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) yayin da ya hau bishiya, sai Annabi (SAW) ya sanar da su cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani.

Ta fuskar ciniki kuwa, hadisin Hakim ɗan Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim ya ɗaure albarkar ciniki da abu biyu: faɗin gaskiya da bayyana abin da ke cikin kaya. Wani hadisin na Abu Huraira ya nuna cewa rantsuwa tana sa kaya ya shiga, amma tana shafe albarka. Wannan hadisi ya amsa mana tambayar riba. Shari'a ta san akwai hanyoyin da suke sa kaya ya ƙare da wuri, ta kuma hana su duk da haka.

To, ina tallar izgili ta faɗa a nan? Mu duba yadda ake gina ta. Mai ba'a ba ya auna kayansa da na abokin gasarsa da mudu ɗaya. Yana ɗauko aibi guda na wancan ya hura shi ya zama tsauni, ya danne nasa aibin, ya rufe duka da dariya don kada mai kallo ya tsaya ya yi tambaya. Wanda yake dariya ba ya bincike. Kamfanin da ya yi wa wani ba'a a watan Oktoba kan cire caja, ya kuma cire tasa a watan Janairu, da wuya a ce bai san abin da ke tafe a masana'antarsa ba. Laifi tudu ne, taka naka ka hango na wani. Risala ta jera abubuwan da ba su halatta a ciniki, daga ciki akwai algus, da yaudara da daɗin baki, da ɓoye aibi. Tallar izgili tana kiwo ne a gefen wannan shinge, sau da yawa ma tana tsallakawa.

Abin da masu kare ta suke cewa

Na farko, suna cewa kamfani ba mutum ba ne, ba shi da mutuncin da za a ci, kuma masu waɗannan kamfanoni mafi yawansu ba Musulmi ba ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sukar kaya daban take da cin naman mutum, kuma wanda ya ce wata waya batirinta ba ya riƙe caji, alhali haka ne, bai yi gulma ba. Sai dai aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci har ga mutanen da muke ƙi, balle waɗanda gasar kasuwa kawai ta haɗa mu da su. Bayan haka, tallar izgili ba ta tsayawa kan kaya. Apple bai nuna kwamfutoci biyu ba, mutane biyu ya nuna, ɗaya wayayye ɗaya abin dariya. Saƙon da ke ciki shi ne: wanda ya riƙe kayan wancan kamfani, shi ma haka yake. Kibiyar ana nuna kamfani da ita, amma a jikin mai saye take sauka.

Na biyu, suna cewa ai raha ce, kuma mu Hausawa mun gaji wasa. Haka ne. Akwai wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, da na taubasai, da na jika da kaka. Annabi (SAW) da kansa yana raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wasan barkwancinmu yana da sharuɗɗan da kowa ya sani ko ba a rubuta ba. Ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kowa yana da damar ramawa, ana yinsa ido da ido, kuma ana tashi zumunci ya ƙaru. Bafulatani ba ya tsokanar Babarbare don ya raba shi da abincinsa. Wanda ya tsaya gaban miliyoyin masu kallo yana muzanta wanda ba ya wurin, da nufin janye masa masu ciniki, abin da yake yi ya fi kusa da zambon maroƙa, wanda ake biya don a ɗaga wani a ƙasƙantar da wani. Malamanmu kuwa tun da can ba su ɗauki zambo sana'ar mutumin kirki ba.

Na uku, suna cewa mai saye yana da haƙƙin sanin aibin kaya. Wannan hujja ita ce mafi ƙarfi, kuma mun yarda da ita. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare 6 da ambaton aibin wani yake halatta, daga ciki akwai gargaɗin Musulmi da ba da shawara ga wanda ya nema. Hujjarsa ta haɗa da hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, wadda ta nemi shawara a kan maza biyu da suka nemi aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata abin da ke tattare da kowannensu a taƙaice. Nasiha tana tsayawa gwargwadon bukata, tana neman amfanin wanda ake yi wa ita. Idan kamfani ya ce batirin wayarsa ya fi na wancan daɗewa, ya kawo awon da kowa zai iya gwadawa, ya yi kwatanci, kuma babu laifi. Da zarar ya ƙara da kwaikwayo da laƙabi da shewa, ya bar nasiha a baya.

Yadda abin ya iso gidajenmu

Kamfanonin nan suna da lauyoyi da biliyoyin da za su jure wa ba'ar juna. A Fagam kuwa, "kamfani" mutum ɗaya ne da teburinsa da laimarsa, da jarin da wataƙila gyaɗa ko riɗi aka sayar aka haɗa masa, ga iyaye ga ƙanne suna jiran abin da zai kawo. Idan aka kira rumfarsa maƙabartar wayoyi, bidiyon ya zagaya WhatsApp daga Fagam zuwa Sara zuwa Basirka kafin la'asar, babu lauyan da zai tsaya masa. Magana zarar bunu ce. Wanda ya yi bidiyon zai iya gogewa daga wayarsa, amma ba zai iya gogewa daga wayoyin mutane ba.

A makarantu ma muna gani. Ɗalibi mai iPhone yana yi wa mai Android kallon ƙasa-ƙasa, mai Android yana yi wa mai ƙaramar waya mai tocila dariya. Yarinya tana ƙin fito da wayarta a cikin ƙawaye don kunya, wata ta matsa wa mahaifinta sai ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa, wata kuma ta nemo ta hanyar da ba za a so a ji ba. Har musu ake yi mai zafi tsakanin masu Tecno da masu Infinix da masu Itel, alhali dukkan ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Muna ɓata zumunci a kan kayan da kuɗinsu aljihu ɗaya yake shiga.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne shigar wannan salo cikin fagen da'awa. A yau ana yanko daƙiƙa talatin daga karatun wani malami, a ɗora masa sautin dariya, a raɗa masa laƙabi, a watsa a Facebook da TikTok da sunan raddi. Almajiran wannan suna yi wa wancan, na wancan suna ramawa. Salon ɗaya ne da na masu tallar waya: a hura aibi, a ɓoye alheri, a tara masu kallo. Alhali aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da mushirikai suke bauta wa, saboda abin da zagin zai jawo. Idan an hana wannan, ina ga malamin da yake fuskantar alƙibla ɗaya da mu? Raddi na ilimi yana da ladubbansa, kuma shewa ba ta cikinsu.

Abin da ke hannunmu

Ba mu da iko a kan abin da Samsung ko Apple za su faɗa a dandamalinsu. Matsayinmu dai a fili yake: bai dace su yi ba, kuma kamfanin da ya amince da kayansa ya ishe shi ya nuna abin da kayan yake yi. Abin da muke da iko a kai shi ne harsunanmu da yatsunmu.

Ga ɗan kasuwa, kafin ka ambaci abokin sana'arka, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Abin da zan faɗa gaskiya ne, kuma zan iya tabbatar da shi? Kaya nake magana a kai ko mutum? Zan iya maimaita shi yana tsaye a gabana? Idan ɗaya ta faɗi, ka kama bakinka. Arzikinka ba ya hannun maƙwabcinka, kuma mutuwar rumfarsa ba ta ƙara maka abin da ba a rubuta maka ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyin masu waya da sarakunan kasuwa, kamar yadda kuke sasanta rikicin fili da na bashi, ku sanya cin mutuncin abokin sana'a a intanet cikin laifuffukan da ake zama a kansu. Ga limamai da malaman Islamiyya, babin ciniki ya cancanci ya fito daga littafi ya shiga huɗuba da misalan zamani. Ga iyaye, mu kula da abin da muke dariya a kai a gaban 'ya'yanmu, domin daga nan suke koyon wanda ya cancanci raini. Ga ɗalibai, duk bidiyon izgilin da ya iso wayarka, kai ne mashigarsa ta gaba. Idan ka tura, ka shiga cikin alhakin. Idan ka tsayar da shi, ka kare mutuncin ɗan'uwanka a bayan idonsa, kuma Tirmizi ya ruwaito daga Abud Darda'i cewa mai yin haka Allah zai kare fuskarsa daga wuta ranar alƙiyama.

Shi kuwa saurayin nan na kasuwar Fagam, mun faɗa masa abin da ya sawwaƙa a ranar. Ya yi shiru, ya miƙo mana wayarmu, ya ce zai duba. Muna roƙon Allah Ya sa ya taka waɗannan 'yan taku zuwa rumfar maƙwabcinsa ya nemi afuwa tun a nan duniya, kafin ranar da ba a biyan haƙƙi da naira sai da lada.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya. Allah ne Mafi sani.